Gadar Mizusawa

Kurohama,
9 ga Oktoba.

Zuwa ga matata Tokiko,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya jikin 'yarmu Harumi, yaya kuma sabon baƙon namu? Kin ce a waya ya ɗauko kunnuwana. Ki ba shi haƙuri, ni ma gadarsu na yi. Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina, amma duk lokacin da na bugo sai jaririn ya farka, ki ce in yi sauri, ni kuwa kin san bakina ba shi da sauri.

Nan dai lafiya lau, in ban da toka. Tun da kika tafi Fukuoka dutsen nan mai aman wuta bai huta ba ko na yini guda. Sau uku nake wanke tasin a rana, kafin in ajiye bokiti ta sake yin fari. Shanyar da kika bari a baranda na manta da ita kwana huɗu. Kada ki tambaye ni yadda ta koma.

Na samu aikin kwana goma. Wani mai ɗaukar hoto ne daga Tokyo, sunansa Narahashi, ɗan siriri mai yawan shan taba, ba zai wuce shekara arba'in ba. Littafin hotuna yake haɗawa, ya ɗauke ni in zagaya da shi gaɓar tekun nan kaf, daga Kurohama har mu dawo Kurohama. Shekara ashirin da bakwai ina tuƙi a ƙasar nan, amma sai da baƙo ya zo ya cusa ni hanyoyin da ban san da su ba. Duk inda ya ga 'yar siririyar hanya ta gangara teku sai ya buga min kafaɗa ya ce, "Direba, nan." In na ce ba ta ɓullewa, sai ya ce ai shi ya sa.

Ranar farko mun yini a Onoura, inda baƙaƙen duwatsu suka shiga cikin ruwa. Teku na ta hauka. Ya je ya tsaya can ƙarshe, ina ta ƙwala masa kira, igiyar ruwa ta zo ta maka shi da dutse. Ya taso gwiwa a fashe, jini har cikin takalmi, yana dariya, kyamarar na ɗage sama a hannunsa ko jiƙa ba ta yi ba. A Yunoseki kuma muna zaune muna cin ƙwan da tsohuwar nan take dafawa a tururin ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ƙasa ta girgiza, katangar gidan wanka ta zube a kan titi, taku goma daga inda na ajiye mota.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne na jiya. Muna kan hanyar tsibirin da ke da fitilar jiragen ruwa da hantsi, dutsen ya yi wata irin ƙara da na ji ta a haƙorana. Can sai ga duwatsu suna faɗowa, wasu kamar dunƙulen hannu, suna tsalle a kan kwalta suna hayaƙi. Akwai motar kifi a gabanmu. Ɗaya ya huda rufinta ya samu direban a kafaɗa, motar ta kauce ta kife a rami, kifi ya watse a hanya. Na ruga na jawo shi, ƙashin ya ɓullo ta cikin riga, yana ihu yana kiran sunan matarsa. Ina ɗaure shi da tawul sai na ji ƙaras, ƙaras a bayana, ashe Narahashi ne yake ɗaukar hoto. Na ce, "Yallaɓai, ka ajiye wannan abin ka zo ka riƙe masa kai mana." Ya ce, "Direba, kowa da aikinsa. Ni ban iya ɗaure rauni ba, kai ba ka iya wannan ba." Bai zo ba sai da fim ɗinsa ya ƙare.

Kina tambayar Yaya Sakuzo. An kwashe mutanen kwarin Mizusawa duka, suna zauren makarantar firamare, kowane gida da tabarma biyu. Na kai wa matarsa Fusae shinkafa da bargo. Shi kuwa wan naki kin san shi. Kullum da safe sai ya ratsa shingen 'yan sanda ya hau ya ba shanunsa goma sha ɗaya abinci. Da ya gan ni ko gaisuwata bai amsa ba, cewa ya yi, "A'a, ɗan tasi, ka zo kallo ne kai ma?" Narahashi ya ji ina da suruki a kwarin, yana so in kai shi gidanku na gado. Na ce masa sam.

Ki kula da kanki, ki daina ɗaukar jaririn kina hawa bene. Ki gai da Harumi da mijinta.

Ni ne mijinki,
Genzo.

Kurohama,
13 ga Oktoba.

Zuwa ga Tokiko,

Ina gaishe ki da kyau, ina gai da Harumi da yaro. Ina fata dukkanku kuna lafiya, kuma ruwan nono ya wadata. Ni ma da sauƙi. Gara ki ji wannan daga bakina kafin Fusae ta bugo miki.

Na kai shi, Tokiko. Kwana uku yana damuna, ya ce hoton gidajen da aka bari zai sa mutanen Tokyo su san halin da ake ciki, a taimaka wa manoma. Na yarda da maganarsa don ina so in yarda. Muka bi ta bayan gonakin taba, ta cikin kurmin gora, inda babu ɗan sanda. Toka ta kai idon sawu a tsakar gidanku. Bishiyar lemon Inna ta karye saboda nauyi.

Ina duba tayar mota, ban ankara ba ya tura ƙofa ya shige ɗakin tsakiya da takalmansa. Da na bi shi na tarar ya buɗe tagogi, ya sauko da hoton Inna daga wurin da kuke kunna mata turare, ya jingine shi a ƙasa cikin toka don haske ya fi kama shi. Na buɗe baki ke nan sai na ji motsi a baya. Yaya ne, ya fito daga garke, da ƙotar fartanya a hannu.

Nan take ya ɗaga ƙotar. Bugu na farko kyamarar ya samu, ta tarwatse. Na biyu a girar Narahashi, fata ta tsage, jini ya rufe masa ido, ya faɗi a kan tabarma yana kare kai da hannu. Yaya ya sake ɗaga ƙotar. Na rantse miki da na bari da ya kashe shi. Na shiga tsakani ina cewa, "Yaya, ka tsaya, laifina ne, ni na kawo shi." Ya ce, "Ai na sani." Sai ya juya ƙotar ya narka min a baki. Haƙorana biyu na gaba suna can cikin tokar ɗakin Inna.

Abin da ya biyo baya ba na alfahari da shi. Na rungume shi muka fita ta ƙofa muka faɗa tsakar gida. Yaya dattijo ne mai shekara sittin da uku, amma na hau ruwan cikinsa na danna fuskarsa cikin toka, na shaƙe masa wuya da hannu biyu. Ina jin maƙogwaronsa yana motsi a tafin hannuna, ban saki ba. Shanun suna ta kuka. Narahashi ne ya jawo ni ta baya, ido ɗaya a rufe da jini, yana cewa, "Direba, ka haukace ne? Zai mutu!"

Yaya ya tashi yana tari yana tofar da baƙin miyau. Ya ɗauki ƙotarsa ya je ya fasa fitilun motata duka biyu, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Shekara talatin ina gaya wa ƙanwata kare ta aura, mai bin duk wanda ya riƙe nama. Yau ga shi ka kawo mai naman har kan gawar uwata. In na sake ganinka a kwarin nan, ko dai ni ko kai." Na ce masa, "Ka zauna da shanunka, dutsen ya dafa ku tare." Haka na faɗa. Ba zan ɓoye miki ba.

An yi wa Narahashi ɗinki shida. Ya ce ba zai kai ƙara ba, wai a Tokyo ma an taɓa karya masa hanci, kuma yana da wata kyamarar a jaka. Ni kuwa ruwan shinkafa kawai nake iya sha, leɓena ya yi suntum. Na san shi ne ya riƙe ki bayan rasuwar Baba, na san abin da yake a wurinki. Amma shekara talatin ina sunkuyar masa da kai, ko sau ɗaya bai kira ni da sunana ba. Ba na jin zan iya ba shi haƙuri a yanzu.

Saura kwana biyu aikin ya ƙare. Jibi yana so mu tsaya a kwanar da ke ƙasa da gidanku, inda ake ganin bakin dutsen sosai, daga nan in kai shi tashar jirgin ruwa, mu rabu.

Ki yi min afuwa a kan hoton Inna. Na goge shi na mayar wurinsa kafin mu fito.

Mijinki,
Genzo.

Asibitin Gari, ɗaki na huɗu,
6 ga Nuwamba.

Zuwa ga Maman Harumi,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da ɗawainiya. Ina fata kin samu kin ɗan huta jiya, kuma gwiwar ba ta tashi ba saboda zirga-zirgar asibiti. Ki yi haƙuri da rubutun, yatsu uku kawai suka fito daga bandeji, kwana huɗu na yi ina rubuta wannan. Zan sa ta cikin jakar wankin da kike tafiya da ita gida. Sati uku kina zaune a gefen gadona kina ba ni abinci a baki, na kasa kallon idonki in faɗa.

Kin ji abin da jarida ta rubuta, kin ji magajin gari zai ba ni takardar yabo. Ga yadda abin ya faru.

Wajen ƙarfe uku na yamma muna kwanar. Na juya motar ta fuskanci gangare, na bar inji a kunne. Babu iska, tsuntsu ko ɗaya ba ya kuka. Sai gefen dutsen ya ɓare. Ban ji ƙara da farko ba, kawai na ga wani abu kamar katangar hayaƙi, baƙi da ja, yana murɗawa yana gangarowa kwarin, bishiyoyi suna kama da wuta tun kafin ya iso gare su. Na ce, "Yallaɓai, shiga mota!" Ya ce, "Ɗaya kawai." Na sake faɗa, ya ture ni. Na fizgi ƙarfen da yake ɗora kyamara a kai na rafka masa a ƙeya, ya zube. Na ja shi ta ƙafa na cusa a kujerar baya, na ɗaga gilasai, na taka mota.

A nan ne na duba madubi. Yaya ne, ya fito daga kwanar sama a guje, babu hula, yana kaɗa farin tawul ɗinsa. Daga baya na ji ya je ya kwance shanun ne, motarsa ta ƙi tashi saboda toka. Tsakaninmu bai fi taku ɗari ba. Na gan shi sarai, Tokiko. Na gane shi, shi ma ya gane motar.

Ban tsaya ba.

Ina so in ce miki tsoro ne. Akwai tsoro. Amma harshena yana kan gurbin haƙoran nan, kuma abin da ya zo min a rai shi ne, ai ka ce kada ka sake ganina. Na ci gaba da gudu har gadar Mizusawa. Kin san nisan, kin bi ta zuwa makaranta. Duk tsawon hanyar yana cikin madubin yana ƙanƙancewa, bai daina kaɗa tawul ɗin ba.

A kan gadar na taka birki. Ban san me ya taka shi ba. Na sa ribas na koma da dukkan ƙarfin injin, ina duban baya, har motar ta gogi katanga. Kafin in kai gare shi gefen hayaƙin ya shafo titin. Rana ta ɓace. Na ji jikin motar yana ƙara kamar ana soya abu, fenti yana kumbura. Na buɗe ƙofa na riƙe numfashi na lalubo shi a ƙasa. Rigarsa ta narke a jikinsa, da na kama hannunsa fatar ta zame ta biyo tafina. Na kama shi ta bel na jefa a kujerar gaba. Hannuwana da fuskata a nan suka ƙone.

Ba na ganin komai, da ka na tuƙa. Na san kwanar hanya nawa ce daga can zuwa bakin teku, na riƙa juya sitiyari ina lissafi. Tayoyin baya suka fashe bayan gada, muka ci gaba a kan ƙarfe. Wata saniya ta wuce mu a guje bayanta na ci da wuta. Yaya yana numfashi kamar ana jan zarto. A wajen gonakin taba ya juyo da abin da ya rage na fuskarsa ya dube ni, ya ce, "Ka daɗe." Bai sake magana da ni ba har 'yan kwana-kwana suka fitar da mu a titin gaɓa.

Na tambayi likita ba tare da na gaya masa dalili ba. Ya ce ba ƙunar fata ce ta kashe Yaya ba, iskar da ya shaƙa a waje ce ta dafa masa huhu, numfashi huɗu ko biyar sun isa. Narahashi da ke kwance cikin motar gilashi a rufe, gashin kansa kawai ya babbake. Da na tsaya lokacin da na fara ganinsa, da Yaya yana ciki ƙofa a rufe kafin hayaƙin ya iso. Da yanzu yana zauren makaranta yana zagina.

Narahashi a sume yake, bai ga komai ba. Shi ne ya ba 'yan jarida labarin, ya zo nan ya durƙusa yana kuka yana kirana mai ceton rai. Fusae ta kawo min lemo ta riƙe bandejina tana godiya. Ba zan iya ba kuma. Ina so in gaya mata, in kuma rubuta wa magajin gari ya riƙe takardarsa. Amma ɗan'uwanki ne, ke ya kamata ki fara sani.

In ba ki zo gobe ba, ba zan tambayi dalili ba.

Ni ne,
Genzo.

Kurohama,
9 ga Nuwamba.

Baban Harumi,

Ina gaishe ka, yaya jikin? Ina fata suna canja maka bandeji a kan lokaci, kuma kana cin abin da aka kawo ko da babu daɗi. Harumi ta bugo, yaron ya fara murmushi, suna gaishe ka.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin injin wanki. Na fasa kwanukan shayi guda biyar da bango, na auren Harumi, ina sane na fasa su. Da kana kusa da a kanka zan fasa. Kwana uku ban zo ba don ban amince da hannuwana ba.

Akwai abin da ba ka sani ba. Kwana biyun da Yaya ya yi da bututu a maƙogwaro, nas ta ba shi allo da alli. Ina wurin, ni da Fusae. Da ƙyar ya rubuta kalma uku: Genzo ya dawo. Fusae ta fashe da kuka ta ce, kin gani, ya kira shi da sunansa. Ni kuwa tun ranar kalmar ƙarshen take cina, domin mutum ba ya dawowa sai in ya tafi. Na jira in ga ko za ka faɗa. Da ba ka faɗa ba, da na bar ka bayan an sallame ka, ba tare da na ce komai ba.

Yana da allo a hannu, yana da sauran hankalinsa, abin da ya zaɓa ya bar wa matarsa ke nan. Saboda haka ba za ka gaya wa Fusae komai ba. Kai kake son sauƙi, ita kuma ba ta da gida, ba ta da shanu, ba ta da miji, wannan allon kawai ya rage mata. Za ka sa baƙar kwat ɗinka ka je ka karɓi takardar magajin gari, ka sunkuya, ita tana zaune a layin gaba tana tafa maka. Ranar addu'ar kwana arba'in da tara kuma kai za ka ɗauki tulun ƙasusuwansa da suka rage bayan ƙona gawa zuwa kabari, da hannuwan nan naka, ko sun warke ko ba su warke ba.

Ban yafe maka ba. Ban san ranar da zan yafe ba, kada ka tambaye ni, kada kuma ka sake rubuto min wasiƙa. Zan zo ranar Alhamis da wankinka da miyar kabewa. Ka ce wa nas ta aske maka gemun nan kafin in iso.

Matarka,
Tokiko.